Shuka, PCR ko gwajin jini: wanne za ka nema idan saniya ta kamu?

Duk mai kiwon shanun madara wata rana zai ji likitan dabbobi ya ce masa a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ba a cika tsayawa a tattauna ba shi ne irin gwajin da za a nema. Manyan hanyoyin gano bakteriya a jikin dabba uku ne. Akwai shuka ƙwayar a faranti har ta tsiro a gan ta da ido. Akwai PCR, wanda ke lalubo ƙwayar halittar bakteriyar a cikin madara ko kashi ko nama. Sai kuma gwajin da ke duba martanin da garkuwar jikin dabbar ta mayar, a jini ko a madara ko a fata. Kowanne da tambayar da yake amsawa, kuma a ganina yawancin kuɗin da ke salwanta a wannan harka suna salwanta ne saboda an biya kuɗin gwaji tun ba a san abin da za a yi da sakamakonsa ba. Saniyar nan magani za a yi mata, ko ware ta za a yi, ko fitar da ita daga garke? Amsar wannan ce ke zaɓar gwajin.

Mu fara da ciwon hantsa, tunda shi ne ya fi cinye wa mai madara riba, kuma a kansa ne zaɓin ya fi wuya.

Kafin a kai ga ɗakin gwaji, akwai gwajin CMT da Schalm da Noorlander suka fito da shi a Kalifoniya a 1957. Ɗan faranti ne mai gurbi huɗu, kowane nono da gurbinsa. Za ka tatsa madara kaɗan a kowane gurbi, ka zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, ka riƙa juya farantin a hankali na daƙiƙa goma ko makamancin haka. Madarar nono mai lafiya za ta ci gaba da gudu ruwa-ruwa. Ta nonon da ya kamu za ta yi yauƙi, idan abin ya yi tsanani ma ta dunƙule a tsakiyar gurbin ta ƙi bajewa. Abin da ke kawo yauƙin shi ne yawan fararen ƙwayoyin jini da jiki ya tura hantsar. Na'urar da ke ƙirga waɗannan ƙwayoyi ita ma labarin da take bayarwa ke nan, sai dai da alƙaluma: idan suka haura 200,000 a mililita ɗaya, ana ɗauka saniyar na ɗauke da cuta ko da madararta ta yi kyau a ido. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada su wuce 400,000 a madarar tanki, wato madarar garke duka da ake tarawa wuri ɗaya, Amurka kuma 750,000. Da CMT da na'urar ƙirgar duk ba sa faɗa maka sunan ƙwayar. Amfaninsu shi ne su nuna maka saniyar da kuma nonon da za ka ɗebi samfur daga gare shi, kuma wannan kaɗai yana rage maka kwalabe da yawa da za ka biya wa kuɗi a banza.

Shuka tsohuwar hanya ce, kuma har gobe ita nake fara zaɓa wa ciwon hantsa. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi ɗigon madara, kimanin mililita 0.01, ya shafa a farantin agar, wato daskararren abincin da ƙwayar ke tsirowa a kai, mai haɗe da jini, ya saka a akwatin ɗumi a kan digiri 37, ya duba bayan awa 24, ya sake dubawa a awa 48. Wanda idonsa ya saba yakan fara gane baƙon tun daga kamanninsa. Staphylococcus aureus yakan fito dunƙule-dunƙule masu ruwan ɗorawa ko fari-fari, da da'irar da ya narkar da jinin farantin kewaye da shi. Dangin Streptococcus kuwa ƙanana ne ƙwarai, kamar kan allura. Idan aka ɗiga wa ƙwayar ruwan haidirojin feroksaid ta yi kumfa, dangin Staphylococcus ce. Idan ta yi shiru, an karkata ga Streptococcus. Rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884 yana raba su gida biyu, masu riƙe launin shuɗi da masu sakinsa, kuma wannan rabuwa tana da muhimmanci sosai wajen magani.

Dalilin da ya sa sunan ƙwayar ke da daraja shi ne kowacce da hukuncinta. Streptococcus agalactiae a cikin hantsa take rayuwa, daga saniya zuwa saniya take yaɗuwa lokacin tatsa, kuma finisilin na kashe ta, har ana iya kakkabe ta gaba ɗaya daga garke. Staphylococcus aureus shi ma mai yaɗuwa ne a wurin tatsa, amma yana gina ƙananan maruru a cikin naman hantsa inda magani ba ya isa sosai, shi ya sa tsohuwar saniyar da ta daɗe da shi ba ta cika warkewa ba. A mayar da ita ƙarshen layin tatsa ko a rabu da ita. E. coli daga kashi da shimfiɗa mai danshi take shiga, kuma idan ciwon bai yi tsanani ba jikin saniyar kan kore ta da kansa. Kumburi iri ɗaya, madara mai gudaji iri ɗaya, amma hukunci uku daban-daban.

Babbar falalar shuka ita ce tana ba ka ƙwayar da ranta. Da ita ake yin gwajin sanin maganin da ke kashe ta, inda ake ɗora ƙananan faya-fayan takarda masu ɗauke da magunguna a kan farantin, a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa a gefen kowanne, hanyar da Kirby da Bauer da abokan aikinsu suka daidaita a 1966. Sai dai a yi hattara da wannan sakamako. Idan ya ce maganin ba ya aiki, ka yarda da shi. Idan ya ce yana aiki, to a faranti ne ya yi aikin, ba lallai ya ratsa ƙullin da ke cikin hantsa ba. Shuka kuma ba ta zaɓe: duk abin da zai iya tsirowa a farantin zai tsiro, har da yis da algar nan Prototheca da ba wanda ya yi tsammaninsu, waɗanda maganin bakteriya ba ya yi musu komai.

Rauninta ma a fili yake. A cikin samfuran da ake ɗeba daga shanun da ciwonsu ya bayyana, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku sukan dawo ba abin da ya tsiro. Wani lokaci jiki ne ya riga ya gama da E. coli kafin a ɗebi madarar. Wani lokaci an riga an ɗura wa saniyar magani. Staphylococcus aureus kuma ba kullum yake fitowa a madara da yawa ba, yau akwai gobe babu, don haka samfur ɗaya da ya fito fes bai wanke saniyar da ake zargi ba; sai an maimaita sau biyu ko uku da tazarar kwanaki. Sannan ga Mycoplasma bovis, wadda ba ta tsirowa a farantin da aka saba da shi kwata-kwata. Tana buƙatar abincinta na musamman da iskar kabon dayoksaid da haƙurin kwana bakwai zuwa goma.

A nan ne PCR ke nuna ƙarfinsa. Fasahar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ta kuma ba shi kyautar Nobel a 1993, tana ninka ɗan guntun ƙwayar halittar bakteriya sau miliyoyi har na'ura ta gan shi. Cikin awowi kaɗan an gama. Ba ruwanta da ko ƙwayar na da wuyar tsirowa, kuma tana aiki a madarar da aka zuba wa maganin hana lalacewa, wadda ba ta shukuwa. Idan garke ya fara fama da ciwon hantsa da ke tsallakawa daga nono zuwa nono ba ya jin magani, ga 'yan maruƙa da ciwon kunne ko kumburin gaɓoɓi ko ciwon huhu, Mycoplasma ce abin zargi na farko, kuma jiran kwana goma a irin wannan hali ganganci ne. PCR a madarar tanki zai faɗa maka ko tana cikin garken, daga nan a bi rukuni-rukuni har a kai ga masu ɗauke da ita. Haka ma wanda zai sayo shanu daga wani garke: gwada madarar tankin mai sayarwa da PCR don neman Mycoplasma da Streptococcus agalactiae da Staphylococcus aureus yana daga cikin kuɗin da ba na taɓa ganin an yi asararsu.

To amma kaifin PCR ɗin shi ne kuma matsalarsa. Ba ya bambanta ƙwaya mai rai da matacciya, saboda haka saniyar da aka gama yi wa magani kwanan nan za ta iya fitowa da cuta alhali ta warke. Ɗan dattin da ya faɗo daga fatar nono, ko ragowar madarar saniyar da aka tatsa kafin wannan a cikin bututun na'ura, duk zai kama su ya rubuta. Sakamakon yakan zo da wata lamba da ake kira Ct: idan ƙarama ce, ƙwayar na da yawa, idan babba ce, ɗan kaɗan aka samu, kuma a nan ne ya kamata mutum ya ja birki kafin ya yanke wa saniya hukunci. Ƙari a kan haka, jerin sunayen da aka tsara kayan gwajin a kansu kawai yake nema. Abin da ba ya cikin jerin, ko da shi ne ke kashe garken, ba zai ambace shi ba. Game da magani kuwa, wasu kayan gwajin na iya gano ƙwayar halittar blaZ da ke sa Staphylococcus bijire wa finisilin, amma wannan bai kai cikakken gwajin magunguna ba. Kuma ya fi shuka tsada.

Akwai hanya ta tsakiya da nake matuƙar so ga garken da ke da yawan shanu da ma'aikaci mai tsafta: shuka a gona. Faranti ne da aka raba gida biyu ko uku, kowane gida da irin ƙwayar da yake bari ta tsiro, sai ɗan akwatin ɗumi. Cikin awa 24 za ka san ko mai riƙe shuɗin Gram ce, ko mai sakinsa, ko ba komai. A ba ta farko magani, a sa wa sauran ido. Wani bincike da aka yi a garkunan Amurka da Kanada aka wallafa a 2011 ya nuna wannan tsari ya rage ɗura magani a hantsa da kusan rabi ba tare da warkewar shanun ta ragu ba. Wannan ribar kuɗin magani ce, ribar madarar da ba a zubar ba ce, kuma rage wa bakteriya damar sabawa da magani ne. Sharaɗinsa ɗaya: saniyar da ta kwanta da zazzaɓi, ta daina ci, idonta ya faɗa, ba a jira mata faranti. A ɗebi samfur, a fara ceto nan take. Manyan ɗakunan gwaji kuma yanzu suna da na'urar MALDI-TOF da ke faɗar ainihin sunan ƙwaya cikin mintuna, sai dai ita ma sai an shuka ƙwayar ta tsiro tukuna.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan yadda aka ɗebi madarar, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. A share busasshen datti daga hantsa, a tsoma kan nono a maganin kashe ƙwayoyi, a goge da tsumma mai tsafta, a tatsar da zubi biyu ko uku a zubar. Sai a ɗauki auduga da sifirit a dirje bakin nonon har sai audugar ta daina fitowa da datti. Wajen gogewa a fara da nonuwan da ke nesa da kai, wajen ɗiba a fara da na kusa, don kada hannunka ya shafi wanda ka riga ka tsaftace. A karkata kwalbar kada ƙura ta faɗa ciki, kada bakinta ya taɓa fata, murfin kuma ya kasance a kife. A rubuta lambar saniya da nonon da aka ɗiba, a saka a ƙanƙara. Idan faranti ya fito da ƙwaya iri uku ko fiye, ɗakin gwaji zai rubuta cewa samfurin ya gurɓata, kuɗinka da kwana biyunka sun tafi. Idan ba za a kai da wuri ba ana iya daskarar da madarar, amma daskarewa na rage E. coli kuma tana cutar da Mycoplasma.

Da an bar hantsa aka koma kan bakkale, wato burusela, lissafin sai ya juye. Brucella abortus, wadda Bernhard Bang ya gano a 1897, tana sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, tana kuma kama mutum ta ɗanyar madara ko ta taɓa ɗan tayi da mabiyiya da hannu tsirara. Shuka ta aiki ne mai haɗari, domin tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji, don haka sai ɗaki mai matakan tsaro na musamman. Gwajin jini ne ƙofar shiga. A gwajin Rose Bengal, ɗigon ruwan jini ɗaya ake haɗawa da ɗigon ruwan gwaji mai launin hoda a kan farin tayil, a riƙa jijjigawa na minti huɗu. Idan aka ga tsaki-tsaki sun taru a gefen ɗigon, ta kamu ko ana zarginta. Ba shi da tsada, ba ya buƙatar na'ura, kuma ba ya cika barin mai cuta ta wuce. Amma yana kama marasa laifi. Allurar riga-kafin S19, musamman idan an yi wa babbar saniya, tana barin martani a jini irin na cutar, abin da ɗaya allurar riga-kafin, RB51, ba ta yi. Wata bakteriya daban, Yersinia enterocolitica O:9, ita ma tana ruɗa shi. Shi ya sa ba a yanka saniya a kan Rose Bengal kaɗai. A tabbatar ta hanyar gwajin ELISA ko na CFT, waɗanda su ma martanin garkuwar jiki suke dubawa, amma a ɗakin gwaji. Ta ɗaya ɓangaren kuma, saniyar da ta yi ɓari jiya za ta iya fitowa babu komai, sai an sake ɗibar jininta bayan mako biyu zuwa uku. Karsanar da ta ɗauko cutar tun a cikin uwarta kan ɓoye ta har sai ta yi cikin fari. Don sa ido a kan garke gaba ɗaya, gwajin zobe (inda ake ɗiga ruwan gwaji mai launi a madara a duba ko zobe mai launi zai taru a samanta) ko ELISA a madarar tanki ya wadatar ga shanu, amma gwajin zoben ba abin dogaro ba ne a madarar awaki da tumaki. Idan ana son ganin ƙwayar kanta, ruwan cikin tumbin ɗan tayin da mabiyiya su ne samfurin da za a kai wa PCR.

Tarin fuka na shanu kuma ba ya son shuka ko PCR ko ELISA a dabba mai rai. Mycobacterium bovis na ɗaukar makonni shida zuwa goma sha biyu kafin ta tsiro, kuma martanin da jiki ke mayar mata a farkon kamuwa ba irin wanda ELISA ta jini ke gani da kyau ba ne. Saboda haka har yau allurar tubakulin, wato ruwan gwajin da ake samu daga ƙwayar tarin fuka, a fata ce ginshiƙi: a aske wuri a wuya, a auna kaurin fata, a yi allura, a dawo bayan awa 72 a sake aunawa. Idan aka yi allura biyu, ta ƙwayar tarin fukan shanu da ta ƙwayar tarin fukan tsuntsaye, aka gwada kumburinsu, ana rage zargin dabbar da ba ta da cuta, amma wasu masu cutar sukan kuɓuce. Gwajin intaferon gama na jini, wanda ke auna martanin fararen ƙwayoyin jini ga tubakulin, ya fi saurin kama sabuwar kamuwa, sai dai ya fi yawan zargin ƙarya, kuma jinin sai ya isa ɗakin gwaji da ransa, ba a daskare ba, cikin kwana ɗaya ko kusa da haka. Garken da aka san cutar na ciki, a haɗa biyun. Garken da ba a taɓa samunta ba, fata ta wadatar. Ba a maimaita gwajin fata sai bayan kwana 42 zuwa 60, kuma saniyar da ta haihu kwanan nan ko wadda cutar ta riga ta cinye tana iya ƙin kumbura sam. Shuka da PCR aikinsu a nan yana zuwa ne bayan yanka, a kan ƙululun da aka samu a huhu da kaluluwa.

Cutar Johne, mai sa zawo da rama a babbar saniyar da ke cin abincinta lafiya lau, ita ce ta fi gwada haƙurin mai garke. Tun tana 'yar maraƙa take kamuwa, alamun ba sa fitowa sai bayan shekara biyu ko fiye, kuma a wannan tsakani babu gwajin da ke ganinta da kyau. ELISA ba ta da tsada, ta dace da tantance manyan shanu akai-akai. PCR na kashi shi ke nuna wadda ke zubar da ƙwayar da yawa, wadda ita ce ya kamata a fara fitarwa. Shukar kashi kan kai wata huɗu. Gwada ƙananan maruƙa ɓarnar kuɗi ce. A kuma bar tazara tsakanin allurar tubakulin da ELISA ta Johne, domin allurar na iya ɗaga sakamakon.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata duk mai karanta takardar sakamako ya riƙe. A ɗauka kana da shanu 1,000, goma ne kawai ke da cuta, gwajin kuma yana kuskuren zargin lafiyayya ɗaya a cikin ɗari. Ko da ya kama goman nan duka, zai haɗa da wasu kusan goma masu lafiya. Ke nan rabin waɗanda takarda ta ce sun kamu ƙalau suke. A garken da cutar ta yi katutu kuwa, wannan gwajin dai, “ta kamu” ɗinsa abin yarda ne, “ba ta kamu ba” ɗinsa ne abin shakka. Shi ya sa tarihin garke ke cikin sakamako, ko da ba a rubuta shi a takardar ba.

Ciwon saifa shi ne inda hanya mafi sauƙi ta fi kowacce. Dabbar da ta faɗi matacciya ba zato, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci ko dubura, ba a farke ta ko kaɗan, domin iska na sa Bacillus anthracis ta rikiɗe zuwa ƙwayar da ke shekaru da dama a cikin ƙasa. Likita zai ɗebi ɗigon jini daga jijiyar kunne, ya shafa a gilashi, ya rina da shuɗin metilin kamar yadda M'Fadyean ya bayyana a 1903, ya duba a madubin likita. Sauran ƙwayoyi ma kowacce da hanyarta: Salmonella, mai sa zawo, ba kullum take fita a kashi ba, sai an maimaita shuka. Leptospira kuwa, wadda ke fita ta fitsari, shukarta na cin watanni, don haka PCR na fitsari ko jini biyu da aka ɗiba da tazarar mako biyu zuwa uku aka ga martanin ya ninka sau huɗu su ne mafita.

Takardar da ke raka samfur ita ma wani ɓangare ce na gwajin. A rubuta shekarun dabbar, ranar da ta haihu ko ta yi ɓari, alamun da aka gani, nawa suka kamu a garken, maganin da aka ba ta da ranar da aka daina, da allurar riga-kafin da aka taɓa yi mata. Idan ana zargin bakkale ko ciwon saifa ko tarin fuka, a rubuta ɓaro-ɓaro a jikin akwatin, saboda wanda zai buɗe shi ya san irin kariyar da zai saka. Idan kuma Mycoplasma ake nema, a faɗa da sunanta, domin ɗakunan gwaji da yawa ba sa shuka ta sai an nema.